Ɗakin da Kawu Ya Ƙwace Mini

Daga Allah muke, wurinSa kuma za mu koma. Na sani, na yarda, ba sai kowa ya tsaya a kaina yana maimaita mini ba. Kawuna, wan mahaifiyata, ya rasu wata ranar Talata tsakanin azahar da la'asar, a ɗakinsa, a fulat ɗinmu na unguwar Al Nahda a Dubai, hawa na ƙarshe. Likita ya ce zuciya ce ta tsaya. Aka yi masa sutura aka kai shi makwancinsa a Al Qusais, nesa da Damagaram inda ya so a rufe shi. Ba da ƙaddara nake jayayya ba. Da mutane nake yi, kuma ni ma ina cikinsu.

Ranar sadakar uku fulat ya cika har bakin lif. 'Yan kago masu aika kaya gida sun zo, 'yan Maraɗi masu shaguna sun zo, matan da muke sarin abaya tare sun zo. Kowa ya zauna sai ya ce Allah sarki mai gyaran esi, mutumin kirki. Wani ma cewa ya yi ya taɓa gyara masa firij, alhali Kawu bai taɓa buɗe bayan firij ɗin kowa ba. Suna addu'a suna fifita da guntun kwali, wata tana tambaya ko ba za a ƙara sanyin na'urar ba. Mutum ɗaya ce na ga kukanta ya fito daga ciki, wata 'yar Zongon Kumasi da muke kira Anti, wadda ta hau bas biyu daga Al Warsan. Ta zauna a ƙasa ta jingina da ƙofar ɗakinsa.

Shi kuwa Yaya, wan mijina, wanda sunansa ke kan takardar hayar fulat ɗin, duk wanda ya shigo sai ya ba shi labari ɗaya: alhamdulillahi ba mu rage tsohon da komai ba, ɗakin da ya fi kowanne muka ba shi, mai taga tun daga ƙasa har sama. Da jama'a suka ragu ya leƙo inda mata suke ya ce da ni:

"Ƙanwata, in an yi bakwai sai ki tattara ki koma ɗakin tagar ke da yarinya. Dama naki ne, haƙƙi ya dawo wurin mai shi."

Surukata ta ce madalla. Matar ƙane ba ta mayar wa wan miji magana a gaban baƙi. Amma a ƙugun zanina akwai wata takarda da na tsinta da safiyar nan cikin tsohon littafin Kawu, kuma na riga na rantse 'yata ba za ta yi ko wuni ɗaya a ɗakin nan ba.

Bari in fara gyara abin da aka ɓata. Kawu ba mai gyaran esi ba ne. Shi ne wanda ake kira kafin a sayi esi, ya faɗi wacce za ta iya da ɗakin. Ya yi makarantar fasaha a Yamai, aka tura shi kwas Faransa, wani gari da ƙanƙara ke zuba. Abin da aka koya masa can shi ne lissafin ɗumin da gida ke zubarwa a lokacin sanyi, don a san girman na'urar ɗumama gida da za a sa. Ana auna bango, a auna rufi, a auna taga, a duba ko an cusa soson tare zafi a cikin bangon ko siminti ne tsagwaronsa, a tambaya ko ana rufe labule ko tagar tsirara take kwana. Da ya zo Dubai abokansa suka yi ta masa dariya, wai ya kawo ilimin ɗumama gida ƙasar da ake soya ƙwai a kan mota. Ni yake kira uwata, don sunan mahaifiyarsu aka sa mini, kuma ni ya fi ba amsar:

"Lissafin ɗaya ne, uwata. Can zafi fita yake yi, nan shigowa yake yi. Kibiya kawai na juya."

Littafin yana nan wurina. Duk zanen gidan da ke ciki ya bi da jan biro ya juya kan kibiyoyin suna kallon ciki.

Mutum ne mai takura, ba zan ɓoye ba don ya mutu. In ya shiga gidanka, kafin a gama gaisuwa ya ɗora bayan hannunsa a bango kamar mai duba zazzaɓin yaro. Kamfas ɗin da yake duba alƙibla, da shi yake duba inda tagarka ke kallo, in ya ga yamma sai ya yi tsaki a gaban mai gida. Yana ƙirga mutanen da ke kwana a ɗaki, ya ƙirga tukunyar shinkafa ta lantarki, ya ce kowane mutum ƙaramin murhu ne, masu ƙiba kuma manya. Labule kuwa, kada ma ka taɓo masa zancen in kana da wurin zuwa. Zai gaya maka labulen ciki a makare yake zuwa, don zafi ya riga ya ƙetare gilashi. Mai farin baya yana korar wani abu ya koma waje, mai duhu shanyewa yake yi ya amayar maka a ɗaka, leshi kuwa ado ne kawai. Wanda ya fi duka rumfa ce ta waje, amma wa zai bar ɗan haya ya kafa rumfa a hawa na sha biyu?

Akwai wata Hajiya a Al Qusais, matar wani ɗan kasuwa, da ya yi wa lissafin falo. Bayan wata biyu ta kira tana faɗa, wai na'urar da ya sa suka saya ba ta sanyi, tsohon nan bai san aikinsa ba. Ya hau jirgin metro ya je. Bai kalli na'urar ba ma, tagar ya kalla. Ta cire labule mai kauri ta rataya wani leshi shara-shara da ta gani a waya. Ya tambaye ta ina labulensa. Ta ce labulensa ko nata? Ya ce ranar da ya shigar da shi lissafi ya zama nasa. Ya ƙi shan shayin da aka kawo, ya fita. Ta mayar da labulen, falo ya yi sanyi, ba ta taɓa ba shi haƙuri ba. Ta zo ta'aziyya, ita ce ta fara neman kwalin fifita.

Anti kuwa, ɗakin ma'aikata take kwana a Al Warsan, su huɗu, a ƙarƙashin rufi, bangonsu na yamma ya wuni yana shan rana. A bas suka haɗu, ta ce masa in ta jingina da bango da magariba ji take kamar ta jingina da tanda. Juma'a uku yana bin rumbunan kaya yana roƙon farin soson da ake cirewa daga kwalin firij. Ya jera shi a bangon, ya rufe da allo, ya ɗinka wa labulensu farin zanin gado ta baya da hannunsa. Ladansa wake da shinkafa irin na Kumasi, ya ci yana ƙorafin barkono. Papa take ce masa. Ta gaya mini tun daga lokacin ta daina farkawa da ciwon kai.

To, ga mutumin da aka zauna ana cewa mai gyaran esi.

Lokacin da cikina ya tsufa, surukata za ta zo daga Kano zaman jego, Yaya ya ce fulat ya yi mana kaɗan, za a yanka falo da allo a fitar da ɗakuna biyu. Kowa haka yake yi a Al Nahda. Matsalar ita ce bakin da sanyi ke fitowa a falon ɗaya ne, yana can ta wajen ƙofa. In aka ja allo har sama, ɓangaren taga ba ya samun komai sai abin da ya ɓuya ta ƙarƙashin ƙofa. Ga gilashi tun daga ƙasa yana kallon yamma, ga rufi a kai. Kawu ya ɗauko tef ya wuni yana awo, ya sami Yaya da takarda. Ina kicin ina jin su. Yaya ya ce khalas, ya isa Kawu, wannan ba Faransa ba ce, shwaiya shwaiya, a hankali za a saba. Kawu ya ce a bar ko taku ɗaya a buɗe a saman allon iska ta wuce. Yaya ya ce ɗakin ma'aurata ne, ba a barin sama a buɗe.

Ɗakin ma'aurata, wato namu. Ni da mijina da abin da zan haifa aka tsara wa ɗakin taga, don shi ya fi girma. Da surukata ta iso aka gaya mata ɗakin yana ɗaukar zafi, sai ta yi murna. Ta ce ai faɗuwa ta zo daidai, mai jego zafi take so, a gida ma wuta ake hura mata a ƙarƙashin gado, a yi mata wanka da tafasasshen ruwa, sanyin esi shi ke shiga ƙashin mace ya nakasa ta. Ba mugunta ba ce, abin da ta sani ke nan, haka aka yi mata, haka ta yi wa 'ya'yanta. Ni ma na yarda. Har na sayi ƙaramin gado na auna inda zan ajiye shi kusa da taga, don yarinya ta sha haske.

Saura kwana biyu mu shiga, Kawu ya yi abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Mutumin da ko cokali ba ya roƙa, ya tara mu bayan sallar Juma'a ya ce shi ne babba a gidan nan, shi za a ba taga. Ya gaji da ɗaki mara haske, idonsa ba ya ganin rubutu. Yaya ya yi turus, amma wa zai ce wa tsoho a'a a gaban mutane? Aka ba shi. Mu aka tura mu ɗaya ɓangaren falon da aka tsara masa, na ciki, ɗan akurki mara taga, wanda in an sa gado sai a bi ta gefe.

Abin da aka faɗa a bayan idonsa ba kaɗan ba ne. Surukata ta ce ba ta taɓa ganin tsohon da ya ƙwace ɗaki daga hannun mai ciki ba, ta tambaye ni ko haka 'yan Nijar suke. Kunya ta kama ni, ta koma haushi. Kawun da ya yi mini biza, ya tsaya mini waliyyi, shi ya tozarta ni a gaban dangin miji saboda taga. Na daina kai masa shayin safe. In mun haɗu a hanyar banɗaki, ina kwana ce a taƙaice, ba na jiran amsa. Ya ce uwata, na ce na'am kamar ana cire mini haƙori. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ba don me ɗan akurkin nan ya fi ko'ina sanyi a gidan. Bakin esi ne a saman gadona, ina kwance a ƙarƙashinsa ina tsine wa wanda ya bar mini shi.

Shi kuwa ya shiga ɗakin da shirinsa. Ya jera soso a bango, ya manna takardar azurfa a gilashin, ya rataya wani labule mai kauri ruwan ƙasa, mai farin baya, da ya daɗe yana ajiya. Ba a yi mako ba mai gadin bene ya hau ya ce masu benen ba sa son komai manne a gilashi, yana ɓata fuskar bene. Aka ɓare. Saura labule.

Na haihu, mace. Ranar suna ana neman abin da za a raba maza da mata a 'yar farfajiyar da ta rage, sai na ce a ciro labulen ɗakin Kawu, shi ya fi kauri. Ni na faɗa, da bakina. Bai hana ba. Da aka watse na ga labulen ya yi kyau a bayan hotuna, na ce zai yi mini amfani in na koma ɗaukar hoton abaya. Na ninke na cusa ƙarƙashin gadona. A raina na ce tun da haske yake so, to ga haske.

Sau ɗaya ya tambaya. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Uwata, an gama da labulen?" Na ce yana wurin wanki. Ya ce to, babu laifi. Mutumin da ya ƙi shan shayin Hajiya saboda labule, ni ya ce wa babu laifi. Ya rataya zanin gadonsa a tagar, wanda ana hango rana ta cikinsa.

Bayan nan ya ɗauki wata ɗabi'a. Da an yi azahar sai ya fito da kujerar roba ya zauna a lungun ƙofar ɗakina da carbinsa, inda sanyi ke ɗan fitowa. Na ɗauka sulhu yake nema, na ƙara ɗaure fuska. Surukata ta ce bai dace namiji ya tare a ƙofar mai jego ba, ana shayarwa ana canza kaya. Yaya ya yi masa magana cikin ladabi, Kawu ya ɗauke kujerarsa. Ya koma wuni a masallacin ƙasa, sai dai ga gwiwa, ga hawan jini, ga ranar Agusta da ko tsallaka titi aiki ne. Ranar Talatar nan bai sauka ba. Da la'asar ta yi ba a ji motsin butarsa ba, mijina ya tura ƙofa.

Takardar da na tsinta da Faransanci ya rubuta ta, ni kuwa na yi lakwal, bokon Nijar, ina karantawa. Ya zana ɗakin, ga taga, ga kibiyoyi ja suna shigowa. A ƙasa layi uku. Na farko: mutum uku, ɗaya jaririya, ba zai yiwu ba, ko da labule. Na biyu: mutum ɗaya, da soso a bango, da labule mai farin baya a rufe tun daga azahar, da ƙyar. Na uku: mutum ɗaya, babu labule. A gaban wannan bai rubuta komai ba, layi kawai ya ja.

Ban ce zafi ne ya kashe shi ba, ban isa ba, kwanan mutum a hannun Allah yake. Amma kada wanda ya sake ce mini ba a rage shi da komai ba. Kuma shi ma Kawun ina fushi da shi, ina faɗa ko yana jina. Me ya hana ka kira ni gefe ka nuna mini takardar nan? Na san amsar, shi ya sa abin ya fi ci mini rai. Da ka nuna mini, da na tsaya na yi wa Yaya da surukata tsiya da tsohon ciki, aure ya yi tsami tun kafin suna. Ka ga gara in tsane ka da in tsani dangin mijina. Ka yi lissafin gilashi da bango da rufi, ba ka yi lissafin abin da zan ɗauka a ƙirjina bayan ka tafi ba.

Ranar bakwai na sami Yaya da safe, na durƙusa yadda ya kamata, na ce tun da ɗakin marigayi ya fi ko'ina kyau, me zai hana a yi addu'ar maza a ciki, da ƙarfe uku, kafin la'asar. Ya ji daɗi, ya ce na yi tunani. Ni da Anti muka share ɗakin muka shimfiɗa darduma. Na cire zanin gadon da ke tagar ma, don su ga faɗinta da kyau.

Su takwas suka shiga har da malam. An shirya doguwar addu'a, amma ba a daɗe ba na ji an shafa fatiha. Suka fito ɗaya bayan ɗaya, riguna sun manne da baya, wani ya wuce kai tsaye wurin firij ba sallama. Yaya ne na ƙarshe. Na tsaya a gabansa da takardar a hannu. Ya share wuya da hularsa ya ce mutane ne suka yi yawa, dole a ji zafi.

Na ce, "To Yaya, ka shiga kai kaɗai ka rufe ƙofa, har a kira la'asar. Yau ɗaya. Shi tun ranar suna yake yi."

Bai shiga ba. Na karanta masa layi ukun nan da Hausa, a hankali, a gaban malam. Na faɗa musu kuma inda labulen yake da wadda ta ɓoye shi, don kada ya ɗauka kansa kaɗai na zo ɗora wa. Surukata ce ta miƙe ta shiga ɗakin. Ta ɗora tafin hannu a gilashi, ta janye da sauri. Ta daɗe a tsaye, sannan ta fito ta karɓi yarinyar daga hannun Anti ta rungume.

"Wannan ba zafin jego ba ne," ta ce. "Jikata ba za ta shiga nan ba."

Yaya bai ba kowa haƙuri ba, ban kuma sa rai ba. Juma'ar da ta biyo kafinta ya zo ya yanke taku ɗaya a saman allon, daidai abin da Kawu ya roƙa tun farko, aikin da bai kai tsawon shan shayi ba. Yanzu kwalayen kago ne a ɗakin. Na ji ana zancen sa ɗan haya, shi ya sa na yi hoton takardar na manna a bayan ƙofa da fassarata a ƙasa. Sau biyu ana ɓarewa, sau biyu ina mayarwa.

Muna nan a ɗan akurkin, ni da mijina da 'yata, bakin esi yana hura mana. Labulen na ciro shi daga ƙarƙashin gado na goge, na hau kujerar robarsa na rataya shi, farin bayan yana kallon rana kamar yadda ya koya mini. Kullum da an kira azahar ina zuwa in ja shi in rufe, kwalaye ke shan inuwar.

Masu zuwa gaisuwa har yanzu suna cewa Allah Ya haskaka kabarinsa, ina amsawa da amin. Amma ni in na ɗaga hannu, inuwa nake roƙa masa. Allah Ka gafarta wa Kawuna, Ka sanyaya masa makwanci, Ka sa shi a inuwarKa ranar da za a matso da rana kan mutane. Ni kuma Ka yafe mini, don shi ban ba shi damar yafe mini ba.